Wakilcin Wanda Hankalinsa Ya Gaza a Gaban Shari'ar Ingila

A shari'ar Ingila lauya ba ya tashi ya yi magana gaban alƙali sai da umurnin wanda ya ɗauke shi. Mai ƙara ne ke cewa a kai ƙara, ko a janye ta, ko a karɓi sulhu. Lauya iyakarsa ya ba da shawara, sa'an nan ya bi abin da aka ce masa. Wannan tsari yana tafiya daidai muddin mai ƙarar yana cikin hankalinsa. Amma akwai tsohon da gigin tsufa ya kama har bai shaida 'ya'yansa, akwai wanda mota ta buge ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, akwai kuma wanda aka haifa da raunin hankali ya girma da shi. Irin waɗannan mutane shari'a ta fi hawa kansu bisa ga sauran jama'a, don kuwa kullum a kan sami gardama a kan inda za su zauna, da wanda zai riƙe musu dukiya, da ko za a yi musu aiki a asibiti ko a bari. To, in mutum ba ya iya ba lauya umurni, tilas a sami wanda zai ba da umurnin a madadinsa, a kuma sami hanyar da alƙali zai ji abin da shi mutumin ya ke so. Yadda Turawan Ingila da Wales suka yi fama da wannan matsala shi ne abin da za a bayyana a nan.

Maganar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta fiƙihu. Littattafan Malikiyya, irin su Muhtasar, suna da babin hajru, watau hana mutum sarrafa dukiyarsa saboda hauka ko ƙuruciya ko wauta, su kuma ambaci waliyyi da wasiyyi da wanda alƙali ya kan naɗa in babu su. Saboda haka Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Wuri guda ne ya ke bukatar lura. Wanda ya ke tsaya wa mai raunin hankali a kotu, tun 1999 Turawa suna kiransa da wani suna wanda in an juya shi kai tsaye sai ya zama abokin shari'a. Bahaushe kuwa in ya ji an ce abokin shari'a, wanda ya ke jayayya da shi zai fahimta. Don haka a wannan takarda waliyyin shari'a za a riƙa ce masa.

Asalin al'amarin a Ingila dukiya ce. Wata tsohuwar doka da a kan danganta da wajen shekara ta 1324 ta ba Sarki riƙon gonaki da filayen marasa hankali, ta kuma raba su biyu. Wanda aka haifa ba hankali, Sarki ya kan ci amfanin ƙasarsa, ya ciyad da shi, in ya mutu a mai da ƙasar ga magada. Wanda kuwa hankali ya gushe masa daga baya, sai a adana masa dukiyarsa har ya warke, Sarki ba ya cin kome ciki. Da tafiya ta yi tafiya wannan iko ya koma hannun Wazirin Shari'a na Sarki, da wani ofishi wanda a 1947 aka sa masa suna Kotun Kariya. Amma wannan tsohuwar kotu kuɗi da gidaje kaɗai ta ke dubawa. Ba ta da ikon cewa ga inda mutum zai zauna ko ga maganin da za a yi masa. Giɓin ya fito fili a 1989, sa'ad da aka kawo maganar wata mata mai shekara 36, wadda hankalinta bai wuce na ƙaramar yarinya ba, likitoci suna so su yi mata aikin hana haihuwa. Alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne ƙolin shari'a a ƙasar kafin a kafa Kotun Ƙoli a 2009, suka duba suka ga babu wani mahaluki, ko uwa ko alƙali, da doka ta ba ikon ya yarda a madadin baligin da ba ya iya yarda da kansa. Suka lallaɓa suka sami mafita ta hanyar larura, amma kowa ya san an bar baya da ƙura.

Sai a 2005 Majalisa ta yi Dokar Hankali, ta fara aiki a 2007, aka kuma kafa sabuwar Kotun Kariya mai ikon duba dukiya da lafiya da zaman mutum gaba ɗaya. Dokar ta shafi wanda ya kai shekara 16, a Ingila da Wales kaɗai, don Sikotilan tana da tata tun 2000. Ta ce a ɗauki kowa mai hankali ne sai an tabbatar da akasin haka, kada kuma a ce mutum ya gaza sai an yi iyakar ƙoƙari an taimake shi ya fahimta. Ta ce zaɓen banza ba shaidar rashin hankali ba ne. Mai hankali yana da ikon ya ɓarnatar da kuɗinsa ko ya ƙi magani, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A nan ta rabu da fiƙihu, inda a kan yi wa safihi hajru saboda almubazzaranci ko da ba mahaukaci ba ne. Wanda dokar ta ce ya gaza shi ne wanda, saboda wata cuta ko rauni a ƙwaƙwalwa, ba ya iya fahimtar bayanin da ya shafi shawarar, ko ba ya iya riƙe shi, ko ba ya iya auna shi, ko ba shi da hanyar da zai sanar da abin da ya zaɓa. Kuma ba a yanke wa mutum hukuncin rashin hankali jimla guda. Kowace shawara da awonta, kowane lokaci da nasa. Tsohuwa tana iya sanin abin da za ta ci da wanda ta ke so ya ziyarce ta, alhali ba ta iya gane sharuɗɗan sayar da gida.

Gudanar da shari'a ma shawara ce mai awon kanta. In an tabbata mutum ba ya iyawa, ƙa'idar kotu ta ce sai da waliyyin shari'a, kuma duk sulhun da aka yi a madadinsa ba ya ɗauruwa sai alƙali ya duba ya yarda. Shari'ar wata mata mai suna Dunhill ta nuna amfanin wannan ƙa'ida. A 1999 wani mai babur ya buge ta tana ƙetare hanya, ta ji ciwo mai tsanani a kai. Cikin Janairu 2003, a bakin ƙofar kotu, aka daidaita za a ba ta fam 12,500, ta karɓa bisa shawarar lauyoyinta na lokacin, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko tana da hankalin da za ta gane abin da ta ke sarayarwa. Daga baya aka ƙiyasta haƙƙinta na gaskiya, masu kare mai babur suka ce zai kai wajen fam 800,000, nata lauyoyin suka ce ya wuce fam miliyan biyu. A 2014 Kotun Ƙoli ta warware sulhun, ta ce tun da ya ke matar ba ta da hankalin gudanar da irin ƙarar da ya kamata a kai, ba ta kuwa da waliyyi, ba a kuma nemi yardar alƙali ba, sulhun ba shi da tushe, ko da ya ke ɗaya ɓangaren bai san halin da ta ke ciki ba.

Kowa yana iya zama waliyyin shari'a in zai iya tafiyar da ƙarar bisa adalci da ƙwarewa, ba shi kuma da wata bukata tasa da ta ci karo da ta mutumin. Sau da yawa ɗa ne, ko mata, ko ɗan'uwa. Sharaɗi na biyun ne ya kan kawo wahala, don a irin waɗannan shari'o'i dangi su ne masu gardamar. A 2015 aka yi shari'ar wata tsohuwa mai shekara 88 da aka kai gidan kula da tsofaffi, kullum tana cewa a mai da ita gida. Wanda aka naɗa ya wakilce ta ɗan'uwa ne na kusa, mutumin kirki, amma shi a ransa ya gamsu zamanta can shi ya fi, saboda haka bai kai kukanta kotu ba. Alƙali Baker ya ce bai kamata a naɗa shi ba tun farko, don haƙƙinta ne alƙali ya ji ƙorafinta, ko da kowa yana ganin ba za ta yi nasara ba.

In an rasa wanda ya dace, sai a koma ga wani ma'aikaci wanda za a kira shi Lauyan Hukuma. An kafa ofishinsa a 1875, kuma ko da ya ke Gwamnati ce ke naɗa shi, ba lauyan Gwamnati ba ne, sau da yawa ma hukumomin Gwamnati ya ke ja da su. A 2019 aka naɗa Sarah Castle, mace ta farko da ta riƙe muƙamin. Ba ya karɓar aiki sai an cika sharuɗɗa: a kawo shaidar cewa mutumin ya gaza, a tabbatar babu wani mai tsaya masa, a kuma nuna inda kuɗin lauyoyi zai fito. Galibi ba shi da kansa ya ke zuwa kotu ba. Ya kan ɗauki lauyoyin waje waɗanda suka san aikin, su je su ga mutumin, su kawo masa rahoto, shi kuma ya ba su umurni kamar yadda mai ƙara zai bayar.

Wani lokaci aikinsa shi ne ya ja da abin da kowa ya yarda da shi. Tony Bland saurayi ne da aka danne a turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, ya shiga dogon suma wanda likitoci suka ce ba farkawa. Asibiti ya nemi izinin daina ciyad da shi ta bututu, iyayensa kuma suka goyi baya. Lauyan Hukuma ya tsaya a madadin saurayin ya yi jayayya, har gaban alƙalan Majalisar Dattawa, domin kada a yanke magana mai nauyin rai ba tare da an ji hujjar ɗaya gefen ba. Aka ba asibiti izini a 1993. Lauyan da ya yi wannan jayayya, James Munby, shi ne daga baya ya zama shugaban Kotun Kariya.

Abin da ya cika kotun da aiki, har ya sa aka nemi sabon irin wakilci, shi ne maganar tsare mutane. Wani mutum da a ke kira HL, mai lalurar nan da likitoci ke ce wa otizim, ba ya magana, ya yi shekara fiye da 30 a asibitin Bournewood kafin wasu mata da miji su ɗauke shi riƙo a 1994. Cikin Yuli 1997 hankalinsa ya tashi wata rana, aka mai da shi asibitin, aka hana masu riƙonsa ganinsa, bai koma gida ba sai Disamba. Hujjar asibiti ita ce ba a tsare shi ba, tun da bai taɓa yunƙurin fita ba. Alƙalan Majalisar Dattawa suka yarda da wannan a 1998, amma a 2004 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce tsarewa ce, an kuwa yi ta ba bisa wata ƙa'ida ba, ba shi kuma da hanyar kai kuka. Saboda haka aka ƙara wa dokar wani tsari, ya fara aiki a 2009, wanda ya ce in za a tsare irin wannan mutum a asibiti ko gidan kulawa sai an auna shi, an ba da izini a rubuce, an naɗa masa wakili, yana kuma da ikon ƙalubalantar izinin a Kotun Kariya.

Rubuta haƙƙi a takarda abu ne mai sauƙi. Steven Neary, wani saurayi mai otizim, ubansa ya kai shi wani gidan kulawa na ƙaramar hukumar Hillingdon a ƙarshen 2009 don ya kwana biyu, shi uban ba shi da lafiya. Hukumar ta riƙe shi kusan shekara guda, yana ta neman gida, uban yana ta roƙo. Sai can kusan ƙarshen shekarar aka naɗa masa mai magana da yawunsa mai zaman kansa, da maganar kuwa ta zo gaban alƙali cikin Disamba 2010 aka ba da umurni ya koma gida. A 2011 alƙali Peter Jackson ya yanke cewa an tsare shi ba bisa doka ba. Duk watannin nan ƙofar kotu a buɗe ta ke, abin da aka rasa shi ne wanda zai kai shi bakinta.

Ran 19 ga Maris 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Cheshire West, wadda Lauyan Hukuma ya ɗaukaka a madadin wani mutum da wasu 'yan mata biyu 'yan'uwan juna. Kotun ta ce duk wanda a ke sa masa ido a ke sarrafa shi ba yankewa, ba shi kuma da ikon tashi ya bar wurin, tsararre ne, kome daɗin wurin da kyawun niyyar masu kula da shi. Nan da nan lissafi ya canja. A Ingila takardun neman izinin tsarewa sun tashi daga wajen 13,700 a shekarar da ta gabaci hukuncin zuwa fiye da 137,000 a wadda ta biyo. Waɗanda kuma ba a asibiti ko gidan kulawa su ke ba, su sai kotu da kanta ta ba da izini. Munby ya tsara gajeriyar hanya ta duba takardu, ya ce ba lalle ne a sa mutumin cikin masu shari'ar ba. A 2015 alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara suka nuna ba su gamsu ba, suna ganin ba a yanke maganar 'yancin mutum a bayan idonsa. Amma in an ce kowa sai an sa shi, kowa kuma sai da waliyyi, ofishin Lauyan Hukuma ba shi da ma'aikata ko kuɗin da zai ɗauki wannan kaya.

Mafitar da aka samu ita ce wata ƙa'ida ta 2015, wadda ta zama ƙa'ida ta 1.2 cikin ƙa'idodin kotun na 2017. Ta wajabta wa alƙali, tun farkon kowace shari'a, ya tsaya ya duba yadda mutumin zai sa baki. Yana iya sa shi cikin masu shari'ar, ko ya naɗa wani, ko da ɗan'uwa ne, ya riƙa kawo wa kotu labarin abin da ya ke so da abin da ya ke ƙi, ko ya ba shi dama ya yi wa alƙali magana da bakinsa. Yana kuma iya naɗa masa lauya amintacce. Wannan shi ne sabon abu. Lauya ne wanda Ƙungiyar Lauyoyi ta Ingila da Wales ta gwada ta ba shi shaidar ƙwarewa a wannan fanni, bisa wani tsari da ta fara a 2017, kotu kuma ta kan naɗa shi ya wakilci mutumin ba tare da waliyyin shari'a a bayansa ba. Watau lauya ne da ba mai ba shi umurni, shi ke auna abin da za a faɗa, shi ke faɗa. Ya fi sauri, ya fi araha, amma an ɗora wa mutum guda nauyin da dā mutum biyu ke rabawa, don haka an fi amfani da shi a shari'o'in da maganarsu ba ta da rassa da yawa.

Yawancin aikin irin wannan lauya ba a kotu a ke yinsa ba. Ya kan je inda mutumin ya ke, ya zauna da shi, wani lokaci da hotuna ko da taimakon masanin koyar da magana, ya zaɓi lokacin da hankalinsa ya fi kwanciya, don mai gigin tsufa da safe daban ne da yamma daban. Ya rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, a miƙa wa alƙali. Ya karanta littafin da ma'aikatan gidan ke rubuta abin da ya faru kullum, inda a kan tarar an rubuta sau nawa mutumin ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa. In bai gamsu da awon da aka yi wa hankalinsa ba, ya nemi kotu ta sa wani likita dabam ya sake aunawa, don wani lokaci shari'ar kan ƙare da cewa mutumin yana da hankalinsa tun farko.

Akwai wani ƙulli da har yanzu ba a kwance ba. Waliyyin shari'a ba tilas ne ya nemi abin da mutumin ya ke so ba. Wajibinsa shi ne ya sanar da kotu abin da ya ke so, sa'an nan ya nemi abin da shi waliyyin ya ga ya fi masa alheri. Wata mata mai raunin hankali, da a ke kira RP, hukuma ta nemi karɓe jaririyarta. Ita tana so ta yi jayayya, amma Lauyan Hukuma, da ya ke tsaya mata, ya duba rahoton masana ya ga ba hujjar ja, ya gaya wa kotu abin da ta ke so, bai kuwa yi hamayya da buƙatar hukumar ba. A 2012 Kotun Turai ta ce ba a tauye mata haƙƙi ba. Ta fuskar doka maganar ta ƙare, amma duk wanda ya sa kansa a matsayin matar zai ga cewa a ranar da aka raba ta da 'yarta ba wanda ya tashi ya yi faɗa dominta. Wasu masana shari'a, cikinsu har da Alex Ruck Keene, sun yi rubutu a 2016 suna cewa tun da ya ke alƙali yana nan don auna alheri, kamata ya yi wakili ya tsaya kan abin da mutumin ya ke so. Hujjarsu tana da ƙarfi, tana kuma tafiya da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Birtaniya ta tabbatar a 2009. Inda ta ke rauni shi ne wajen mutumin da abin da ya ke so ya ke sauyawa daga safe zuwa yamma, ko wanda ba ya iya nuna kome.

Alƙalai ma sun matso kusa da wannan ra'ayi. A 2013 Kotun Ƙoli ta ce in za a auna abin da ya fi wa mutum alheri, a duba ta idonsa shi, da irin halinsa da abin da ya ɗauka da muhimmanci. A 2015 wani asibiti ya nemi izinin yanke ƙafar wani dattijo mai shekara 73, mai ciwon sukari da daɗaɗɗen taɓin hankali, likitoci suna cewa in ba a yanke ba zai mutu cikin 'yan kwanaki. Dattijon ya ƙi. Alƙali Peter Jackson ya tashi ya je asibitin ya zauna da shi, ya saurare shi. Ya yarda ba shi da hankalin yanke wannan shawara, amma ya ga imaninsa da ƙin a mallake shi su ne abin da ya rayu a kai shekara da shekaru, ya ƙi ba da izinin a yi masa aikin da ƙarfi.

Saura maganar kuɗi. Wanda ya ke ƙalubalantar izinin tsare shi a asibiti ko gidan kulawa, baitulmali ke biyan lauyansa ba tare da an duba abin hannunsa ba. A sauran shari'o'in zama da kulawa sai an auna dukiyarsa, in yana da ɗan abin da ya tara, daga ciki za a biya, ko da ba shi ya kawo ƙarar ba, bai ma san ana yi ba. A 2016 alƙali Charles ya tarar da shari'o'in mutanen da ba su da dangi, ba kuma hukumar da ta yarda ta biya wanda zai wakilce su. Ya ƙi ba da izinin tsare su ba wakili, ya jingine shari'o'in, ya sa aka shigar da ministocin shari'a da na lafiya cikin ƙarar domin su zo su faɗi inda kuɗin zai fito.